Fentin Alli da Tsufan Aro



Baƙon da ya shiga wasu kantunan kayan ɗaki a biranen Ingila yakan ga abin da zai ɗaure masa kai. Yakan tarar da ƙaramin kabad, ko firam ɗin madubi, ko akwatin katako, fentinsa ya koɗe, gefensa ya goge har ana hango katakon da ke ƙasa, amma sau da yawa kuɗinsa ya fi na sabo fil da ke kusa da shi. In ya tambaya, sai a gaya masa ai makon jiya aka shafa fentin, kuma da gangan aka kankare shi domin ya yi kama da abin da ya shekara ɗari ana amfani da shi. Wannan sana'a ta bazu a Turai da Amurka, maza da mata suna yin ta a gidajensu, wasu don sha'awa, wasu don neman abin masarufi. Jawabin yau zai duba asalinta, da yadda ake yin ta, da kuma wuraren da ya kamata mai yin ta ya dakata ya yi tunani tun bai ɗauki buroshi ba.

Fentin da ake yin aikin da shi ana kiransa fentin alli. Da ruwa ake dama shi, ba ya ƙyalli in ya bushe, in kuma mutum ya shafa hannu a kansa sai ya ji wani ɗan gautsi mai laushi kamar na bangon da aka shafa wa farar ƙasa. Alli kuwa dutse ne fari mai taushi. Asalinsa ɓawon wasu ƙananan halittun teku ne da ido ba ya iya gani, waɗanda suka yi ta taruwa a ƙarƙashin ruwa shekaru miliyoyi, har suka zama tuddai irin fararen duwatsun gaɓar Dover a kudancin Ingila. Amfani da shi a kan katako tsohon abu ne ƙwarai. Masu sana'a na Masar ta dā sukan kwaɓa garin alli da danƙon fatar dabba su shafe katako da shi kafin su yi zane. A cikin kayan da Howard Carter ya samu a kabarin Fir'auna Tutankhamun, wanda ya gano a 1922, akwai wani akwatin katako da aka yi wa irin wannan shafe, sa'an nan aka zana masa hotunan yaƙi da na farauta, kuma ya haura shekara 3,000 launinsa bai gushe ba.

Fentin gwangwani na zamani, wanda ya jawo wannan yayi, ya fito ne a 1990. Wata mai zane, Annie Sloan, haifaffiyar Ostireliya mazauniyar Oxford, ita ce ta haɗa shi, ta sa masa suna Chalk Paint. Abin da ta nema shi ne fentin da zai kama tsohon katako ba sai an kankare shi tas ba, wanda kuma zai bushe da wuri, yadda mai aiki zai fara da safe ya gama kafin yamma. Daga baya kamfanoni da dama suka fito da nasu irin. Masu neman sauƙi kuma sukan haɗa nasu a gida: su dama mudu ɗaya na garin filastar Paris da ɗan ruwa, watau filastar nan da magina ke yin adon silin da ita, likitoci kuma ke ɗaure karaya, sa'an nan su zuba cikin mudu uku na fentin bango na ruwa. Wannan haɗi yakan yi aiki, sai dai tilas a yi amfani da shi nan take, don ba ya jimawa yake daskarewa.

To, daga ina sha'awar koɗaɗɗen fenti ta samo asali? Saiwa ɗaya tana ƙasar Suwidin. A farkon 1771 yarima Gustav yana ziyara a Faransa labarin rasuwar mahaifinsa ya riske shi, ya koma gida ya zama Sarki Gustav na 3, zuciyarsa cike da abin da ya gani a fadar Versailles. Mutanensa suka kwaikwayi fasalin kujeru da teburan Faransa, amma da yake yawancinsu ba su da halin sayen katako mai tsada daga ƙasashen waje, sai suka sassaƙa nasu da itatuwan dazuzzukansu, suka shafe su da fenti fari ko ruwan toka mai haske. Wannan launi ya dace da ƙasar da rana ke faɗuwa tun da la'asar a lokacin hunturu, domin yakan mayar da ɗan hasken kyandir cikin ɗaki. Bayan shekara 200 fentin ya goge a wuraren da hannu ke taɓawa, kuma wannan gogewa ce masu fentin alli ke ƙoƙarin kwaikwayo a yau.

Saiwa ta biyu tana manyan gidajen ƙauye na masu sarautar Ingila, inda ba a ganin aibi ga koɗaɗɗiyar kujera in dai ta gado ce, domin tana nuna gidan ya daɗe da arziki. Wata Baturiyar Ingila, Rachel Ashwell, ta ɗauki wannan ɗabi'a ta mai da ita kasuwanci. A 1989 ta buɗe kanti a Santa Monica ta jihar Kalifoniya, ta sa masa suna Shabby Chic, ma'anarsa kusan a ce tsumma mai kyan gani. Tana sayen tsofaffin kaya a kasuwannin gwanjo tana gyarawa, sunan kantin kuwa ya bi salon har yau.

Ba Turawa kaɗai suka ga kyau a cikin gogewa ba. A Japan akwai kwanonin katako da ake kira Negoro, da sunan wani gidan ibada inda aka yi fice da yin su kafin a ƙone shi a yaƙin 1585. Akan shafa musu baƙin danƙo a ƙasa, ja a bisa. Da shekaru suka tura, wanki da taɓawa suka cinye jan a wasu wurare, baƙin ya leƙo, sai Japanawa suka ɗauki wannan a matsayin cikar kyan kwanon. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙotar fartanyar tsohon manomi, wadda gumi da tafin hannu suka goge har ta yi sumul, ya san abin da suke nufi.

Sha'awa kaɗai ba za ta isa ta yaɗa sana'ar haka ba, sai da araha ta taimaka. Tun daga farkon shekarun 2000 farashin tsofaffin kayan katako masu duhun launi ya faɗi warwas a gidajen gwanjon Birtaniya. Gidajen zamani ƙanana ne, ba su da wurin katafaren kabad ɗin zamanin Sarauniya Victoria, matasa kuma sun fi son ɗaki mai haske. Teburin da kaka ta yi alfahari da shi ya zama kaya a wuyan jikoki. Irin waɗannan kaya suka cika kantunan ƙungiyoyin agaji, kamar Emmaüs wadda Abbé Pierre ya kafa a Faransa a 1949, inda marasa galihu ke tattara abin da mutane suka zubar su gyara su sayar. Abin da ba a saya ba kuwa sai juji. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa a 2018 kaɗai an zubar da kayan ɗaki kimanin tan miliyan 12 a ƙasar, kuma kashi 80 cikin 100 binne su aka yi. Saboda haka gwangwanin fenti ɗaya da ya sa aka ci gaba da amfani da tebur wata shekara 20 ya yi aikin kirki. Ɗalibi ko ma'aikaci baƙo a Landan ko Paris, wanda ke son shirya ɗaki da kuɗi kaɗan, yana iya cin moriyar wannan.

Ga yadda gwanaye ke yin aikin. Sukan shawarci mai koyo ya fara da ƙaramin abu, kamar firam ɗin hoto, ko faranti, ko mazaunin kyandir, ko ɗan akwatin ajiye kayan ɗinki, domin in an yi kuskure asarar ba ta da yawa. Da farko a wanke abin da ruwan ɗumi da sabulu, a cire maiƙo da tsohon man goge katako, domin fenti ba ya kama maiƙo komai ingancinsa. A bar shi ya bushe sarai. A cire marfin ƙarfe da hannuwan aljihu a ajiye gefe. In akwai ƙafar da ke rawa a ɗaure ta da gam, in akwai tsaga a cike ta. A kuma duba ƙananan hudoji irin na ƙwarin da ke cin katako: in ana ganin sabon gari mai haske yana zubowa daga ciki, to ƙwarin suna nan da rai, sai a yi musu magani tukuna, kada a shigo da su gida su kama sauran kaya.

Akwai wata matsala da ke ba sababbin hannu mamaki. Wasu itatuwa masu jan launi suna da wani ruwa a jikinsu wanda ruwan fenti ke tayarwa, sai a ga tabo ja-ja ko ruwan ɗorawa ya ɓullo ta cikin farin fenti, kome yawan shafin da aka ƙara. Maganinsa shi ne a fara shafa shalak, watau wani danƙo da wasu ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Thailand, wanda ake narkawa a sayar a kwalba. Shi ke toshe katakon. Hikima ita ce a gwada fentin a wani lungu da ba a gani kafin a bi sauran jikin.

Sa'an nan a yi shafi biyu. Na farko yakan zama mai duhu, kamar shuɗi ko baƙi-baƙi, na biyu mai haske. Kowanne yakan bushe cikin sa'a guda ko ƙasa da haka in iska na kaɗawa. Wasu sukan goga kyandir a kan gefuna bayan shafin farko, domin na biyu ya ƙi kamawa a nan, ya yi saurin ɓarewa. In na biyu ya bushe, sai a ɗauki sanfefa mai laushi, mai lamba 180 ko 220, a goga a hankali har launin ƙasa ko katakon kansa ya leƙo. Wata hanyar ita ce a yi amfani da jiƙaƙƙen tsumma tun fentin bai gama ƙarfi ba, kuma wannan ta fi tsabta da yake ba ta ta da ƙura.

Mataki na ƙarshe shi ne kaki. Fentin alli yana shan ruwa da datti in an bar shi tsirara, don haka akan shafa masa kaki mai taushi da tsumma, kaɗan-kaɗan, a goge ragowar. Yawanci haɗi ne na kakin zuma da wani kaki mai tauri da ake samu daga ganyen wata bishiya mai kama da giginya a Birazil. Akwai kuma baƙin kaki da ake cusawa cikin lungunan sassaƙa don ya yi kama da dattin shekaru, amma sai an fara shafa farin, in ba haka ba baƙin ya shige cikin fentin ya ƙi fita. Kaki yakan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin ya yi ƙarfi sosai. Na zuma yana narkewa a zafin da bai wuce digiri 64 ba, yana kuma yin laushi tun kafin nan, saboda haka a ƙasashe masu zafi, ko ga teburin da za a riƙa ɗora masa butar shayi, gara a rufe fentin da ruwan kariya marar launi na gwangwani.

Inda ake gane gwani daga ɗan koyo shi ne wurin da aka goge. Tsufa na gaske yana da dalili. Aljihun tebur yakan goge a kewayen hannunsa, inda yatsu ke taɓawa kullum. Akwati yakan goge a bakin makulli da kusurwoyi. Kujera takan goge a sandar gaba, inda ake ɗora ƙafa, da ƙasan ƙafafunta, inda tsintsiya ke bugawa. Tsakiyar ƙofar kabad kuwa babu abin da ke taɓa ta, don haka wanda ya kankare nan ya tona wa kansa asiri. Kafin a ɗauki sanfefa, sai a zauna a kan kujerar, a buɗe aljihun, a lura da inda hannu ya faɗa da kansa. Nan ne wurin gogewa, kuma kaɗan ya fi yawa kyau.

Amma fa akwai haɗari biyu da masu tallan fenti ba su cika ambata ba. Na farko ya shafi rai. Tsohon fenti da yawa yana ɗauke da dalma, wadda aka daɗe ana sakawa don ta ƙara masa ƙarko da haske. Tun 1921 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniyar taƙaita amfani da farar dalma a cikin gidaje, amma Amurka ba ta haramta fentin dalma na gida ba sai 1978, Birtaniya kuma sai 1992. Kamaru ta kafa tata dokar a 2017. A farkon 2024 ƙasashen da suka tabbatar wa Hukumar Lafiya ta Duniya cewa suna da irin wannan doka ba su kai rabin ƙasashen duniya ba. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro, tana rage masa basira, kuma hukumar ta ce babu wani adadinta a cikin jini da za a ce ba ya cutarwa. Masu sauraro da yawa za su tuna da abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara kimanin 400 suka rasu. A can daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gida gubar ta fito, amma hanyarta ɗaya ce: ƙura ta sauka a ƙasa, yaro ya yi rarrafe, ya kai hannu baki.

Wanda ya sa sanfefa a kan busasshen tsohon fenti a tsakar ɗakinsa, irin wannan ƙura yake tayarwa. Saboda haka duk abin da ya zo da tsohon fenti wanda ba a san shekarunsa ba, a ɗauka yana da dalma, sai in gwaji ya nuna babu. A Turai da Amurka ana sayar da 'yan sandunan gwaji masu sauya launi in sun taɓa ta. In an same ta, kada a goge a bushe, kada a ƙona fentin da wuta, kada kuma mace mai ciki ko yara su kusanci wurin aikin. Shafa sabon fenti a bisa ba ya kawar da gubar, ɓoye ta kawai yake yi. Gadon jariri da kayan wasa da duk abin da yaro zai iya gatsawa, in tsohon fentinsu abin shakka ne, a rabu da su baki ɗaya.

Haɗari na biyu ya shafi kayan kansu. Ba kowane baƙin tebur ba ne tarkace. Bayan da majalisar Birtaniya ta soke harajin katakon da ake kawowa daga ƙasashen da take mulka a 1721, jan katakon mahogani ya riƙa kwararowa daga Jamaika, daga baya kuma daga Honduras, kuma bayi 'yan Afirka ne suka sare yawancinsa. Da waɗancan dazuzzuka suka yi ƙasa, daga ƙarshen ƙarni na 19 sai jiragen ruwa suka koma ɗaukar wani irinsa daga gaɓar ƙasar da ake kira Gana a yau da kudancin Nijeriya zuwa Liverpool. Wannan bishiya ta Afirka 'yar uwar maɗaci ce ta jini. Itatuwan da aka yi waɗannan kaya da su sun shekara ɗaruruwa kafin a sare su, irinsu kuwa ya yi wuya yanzu. Sau da yawa ma abin da ido ke gani siririn falle ne na katako mai daraja da aka manna a kan na banza, kaurinsa bai fi na kwali ba. Fentin alli yana shiga cikin ƙofofin katako, wanda kuma ya zo cire shi daga baya da sanfefa yana iya huda fallen. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Ingila ta riga ta ga irin wannan sau ɗaya. A shekarun 1970 da 1980 yayin da ake yi shi ne na katako tsirara. 'Yan kasuwa suka riƙa tsoma tsofaffin akwatuna da kabad na ƙauye cikin manyan tankunan soda mai ƙuna don a cire musu fenti. Sodar ta cinye fentin asali wanda masu sana'ar ƙarni na 19 suka yi da hannu, ta kuma narkar da gam ɗin mahaɗai har kayan suka riƙa wargajewa. Yau 'yan kaɗan da suka tsira da fentinsu na asali su ne masu tsada a wurin masana. Haka nan kayan kamfanonin Ercol da G Plan na garin High Wycombe, na shekarun 1950 da 1960: an yi lokacin da ake zubar da su a bakin titi, yanzu kuwa nemansu ake yi, kuma wanda aka shafa wa fenti ba ya kai kuɗin wanda aka bari yadda yake. Yayi yakan juya cikin shekara 20 ko 30, amma fuskar katakon da aka ɓata ba ta dawowa.

Don haka masu gyaran kayan tarihi suna da ƙa'ida guda, wadda ta dace da kowa: kada a yi wa abu gyaran da ba za a iya warwarewa ba, sai in babu sauran abin da za a yi asara. Kafin a buɗe gwangwani, a juya abin a duba ƙasansa da bayansa, ko akwai hatimi ko sunan wanda ya yi shi. A jawo aljihu a duba mahaɗansa: in haƙoran ba su yi daidai da juna tsaf ba, alama ce ta aikin hannu, kuma mai yiwuwa ya girmi zamanin injin. Irin wannan a nuna wa masani tukuna, sau da yawa ma wanki da ɗan kaki sun ishe shi. Amma firam ɗin kanti da aka yi dubbai irinsa, ko teburin da ruwa ya riga ya ɓata wa fuska, ko akwatin da in ba a gyara ba juji za shi, waɗannan su ne abincin fentin alli, kuma a kansu mai buroshi yana da 'yancin ya gwada duk launin da ya ga dama.

Saura magana ɗaya, ta amana. Tsufan aro ado ne muddin kowa ya san na aro ne. Ranar da aka sayar da shi da sunan na gado, ya zama algus. Dillalan kayan dā suna da hanyoyinsu na ganewa, har sukan zura siririyar waya cikin hudar ƙwaro, domin ramin ƙwaro na gaske yana karkacewa, na wanda ya huda da ƙusa kuwa miƙaƙƙe ne. Masu sana'a na kirki sukan rubuta shekarar da suka yi fentin a ƙasan abin ko a bayansa, domin wanda zai gaje shi ya san abin da ya riƙa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma mai saye yana da hakkin a gaya masa ko zumar da ke cikin kwalbar tsohuwa ce ko ta bana.